Ƙanena ya ɓata a Makka: 'yan sanda sun yi shiru, jama'a kuma kowa da abin da yake faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Makka, wajen Shara Mansur. Ƙanena direban gida ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Yau mako uku ke nan da ya fita bayan isha'i ya ce yanzu zai dawo, har yau babu shi babu labarinsa, wayarsa a kashe. Kafilinsa, wato uban gidan da yake aiki a ƙarƙashin sunansa, ya ce ya sanar da hukuma. Maigidana ya je ofishin 'yan sanda sau biyu, abin da ake ce masa kawai ana bincike. A guruf ɗinmu na WhatsApp wasu sun ce kafilin ne ya sa aka ɓatar da shi saboda bashin albashi, wasu sun ce matarsa ta san komai tunda ta ƙi zuwa wurin hukuma (ita ba ta da igama ne, wato takardar izinin zama), wasu sun ce yana tsare a Shumaisi. An ba ni shawara in saka hoton kafilin da sunansa a TikTok don hukuma ta motsa. Haka 'yan sanda suke aiki, ko don mu baƙi ne? Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya bayyana shi cikin aminci, ya sanyaya muku zuciya. Na daɗe ina aikin tafinta tsakanin Hausa da Larabci a ofisoshin 'yan sanda da kotunan Makka da Jidda, kuma irin wannan magana ta sha zuwa gabana. Zan faɗa miki yadda abin yake tafiya daga ciki, har da ɓangaren da ba zai yi daɗin ji ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a cikin tambayarki shi ne cewa kafili "ya sanar da hukuma". Wace irin sanarwa ya yi? Idan ma'aikaci ya ɓace a ƙasar nan, takarda iri biyu ake iya buɗewa, kuma ba su haɗa hanya ba ko kaɗan. Ta farko ita ce hurub, wato kafili ya shiga tsarin hukuma ta intanet ya nuna cewa ma'aikacinsa ya daina zuwa aiki. Hurub ba ya sa kowa ya fita neman mutum. Amfaninsa na kafili ne, yana sauke masa nauyi daga wuyansa, shi kuwa ma'aikacin yana iya komawa mai saɓa dokar zama, idan aka tsayar da shi a shinge a wuce da shi tarhil, wato inda ake tsare baƙi kafin a mayar da su ƙasarsu. Ta biyu ita ce balagi, wato rahoton ɓatan mutum, wanda ake buɗewa a ofishin 'yan sandan unguwar da aka yi masa ganin ƙarshe. Wannan ne yake da lamba, yake da jami'in da aka damƙa wa shi, kuma shi ne yake sa a aika da sunan mutum da kamanninsa zuwa sauran ofisoshi da asibitoci da shingayen hanya. Yawancin kafilai idan suka ce sun sanar, hurub suke nufi. Ba lallai mugunta ba ce, abin da doka ta ɗora musu ke nan kuma shi suka sani. Amma na sha ganin dangi sun zauna wata guda suna jiran sakamakon binciken da ba a taɓa buɗewa ba.

Don haka gobe da safe maigidanki ya koma, kada ya ce "me ake ciki?", domin amsar wannan tambaya kullum ɗaya ce. Ya tambayi abu uku: akwai balagin ɓata da sunan wane? Mece ce lambarsa da ranar da aka buɗe shi? Wane jami'i ne yake riƙe da shi? Idan akwai, ya rubuta lambar a takarda, ku adana ta kamar fasfo, domin duk ƙofar da za ku ƙwanƙwasa nan gaba ita za a fara tambaya. Idan babu, ya buɗe a take, a matsayinsa na suruki, ke ma ki je a matsayin 'yar'uwa ta jini idan takardunki suna daidai. Ga masu karatu kuma da Allah bai jarrabe su da wannan ba tukuna: maganar nan da ake yawo da ita cewa sai an jira awa 24 ko kwana uku kafin a karɓi rahoton ɓatan babba, ba doka ba ce, daga fina-finai mutane suka ɗauko ta. A yankin Makka, wanda ya haɗa da Jidda da Ɗa'if, lambar gaggawa 911 ce, akwai kuma manhajar Kulluna Amn, amma zuwa ofis da ƙafa a fito da lambar balagi a hannu ya fi komai.

Dalilin da ya sa nake matsa miki kan gobe da safe shi ne kyamara. Makka cike take da kyamarori, a shaguna, a gidajen mai, a ƙofofin masallatai, a manyan tituna. Sai dai na'urar ba ta ajiye hoto har abada, idan ta cika sai ta shafe tsoho ta ɗora sabo, kuma a ƙananan shaguna abin ba ya wuce 'yan makonni. Dokar kyamarorin tsaro da aka fitar a 2022 ta wajabta wa mai kyamara ya riƙe hoton idan an sanar da shi cewa akwai balagi kan wani abu da ya faru, har sai an gama bincike. Ita dokar kuma ta hana shi bai wa wani hoton ko yaɗa shi ba da izinin hukuma ba, tarar tana kaiwa riyal 20,000. Shi ya sa mai shagon unguwarku zai ce muku a'a ko da yana tausayinku. Mako uku ya riga ya tafi. Ku bi hanyar da ya saba bi da ƙafa, daga ƙofar gida zuwa inda yake ajiye mota ko inda yake shan shayi, ku rubuta kowane shago da ke da kyamara mai kallon titi, ku miƙa wa jami'in jerin, ku roƙe shi ya nemi hotunan daren. Jami'in da ke riƙe da fayil da yawa ba shi da lokacin zagaya lungunan Mansur yana ƙirga kyamara, amma idan aka kawo masa jeri a rubuce, rubuta takardar nema ba ta ɗaukar masa lokaci.

Yanzu ga shirun da ya dame ki. Dokar shari'ar laifuka ta ƙasar nan ta ɗauki matakan bincike da abin da aka gano a matsayin sirri, jami'in da ya fitar da su shi ma ya yi laifi. Ɗan ƙasa ma idan ɗansa ya ɓata, "ana bincike" ɗin nan za a ce masa. Akwai hikima a ciki: idan da hannun wani a ɓatan mutum, sau da yawa na kusa da shi ne, kuma duk abin da aka faɗa wa dangi da rana, kafin dare ya shiga guruf. Ban ce kowane jami'i yana ƙoƙari daidai gwargwado ba, kuma ban ce baƙo mara Larabci yana samun sauraro irin na wanda ya zo da lauyansa ba. Bambancin yana nan, na gan shi. Amma maganinsa shi ne zuwa da mai jin Larabci sosai, da takardu a shirye, da komawa a kai a kai cikin ladabi, kowane zuwa da sabon bayani a hannu. Idan aka ga fayil ya kwanta, ana rubuta takardar koke zuwa ga shugaban ofishin, daga nan zuwa shugaban 'yan sandan yanki ko ofishin gwamnan Makka, a saka lambar balagi a sama.

Akwai kuma abin da dangi ba sa son ji. Ƙanenki baligi ne mai hankali. A idon doka, babba ya bar gida bai dawo ba, wannan kaɗai bai nuna wani ya yi laifi ba. Mutane suna tafiya saboda bashi, saboda rikicin aure, saboda sun samu aiki a gona a wajen Jizan ko Tabuka sun gudu daga kafili, wasu kuma ciwon damuwa ne yake fitar da su. 'Yan sanda sun ga irin wannan ba adadi, don haka ba sa fara zaton kisa. Ba za su fasa gidan wani ba, ba za su saurari wayar wani ba, sai da izinin Niyaba, wato ofishin mai gabatar da ƙara, ita kuma Niyaba sai ta ga dalili. Aikinku shi ne ku nuna musu abin da ya sa wannan ɓatan bai yi kama da tafiyar ganin dama ba. Ya bar igamarsa ko kuɗinsa a ɗaki? Yana da ciwon suga ko farfaɗiya, maganinsa yana gida? An taɓa yi masa barazana, saƙon yana nan? Ya taɓa kwana a waje bai kira ba? Da mota ya fita, mece ce lambarta? Lambar mota ta fi hoton fuska saurin bayyana, domin kyamarorin hanya ita suke karantawa. Bashin albashin nan ma a nan ne wurinsa: wata nawa, riyal nawa, yaushe suka yi magana ta ƙarshe a kai, wa ya ji. A gaban jami'i wannan bayani ne mai amfani, a TikTok kuwa ƙazafi ne da za a iya ɗaure ki a kansa.

Wani abu da ke karya binciken mutanenmu tun daga tushe, wanda laifin ba na hukuma ba ne, shi ne suna da layin waya. Na taɓa tsayawa kusa da wata baiwar Allah tana ba da rahoton ɗan'uwanta. Jami'i ya tambayi suna, ta faɗi wanda ake kiransa da shi a gida. Ya buga, babu. Ya tambayi sunan uba, ta faɗi na mahaifinsu, alhali a fasfon sunan kawun da ya yi masa hanya aka saka. Ya tambayi lambar waya, ta bayar, sai ga sunan wani mutum dabam ya fito, wanda ya bar ƙasar tuntuni. Jami'in ya ajiye biro ya dube ni, ya ce to wa muke nema? Tun 2016 ake ɗaure layin waya da zanen yatsan mai shi, amma da yawa daga cikinmu da layin wani muke yawo. Saboda haka ku nemo hoton igamarsa ko fasfonsa, ku ba da sunan yadda yake a rubuce harafi da harafi, da lambar igama, sannan ku ƙara da duk sunayen da aka san shi da su. Ku faɗi gaskiyar sunan da ke kan layin. Idan kwalin wayarsa yana gida, akwai doguwar lamba a jikinsa wadda ake gane wayar da ita ko an canja layi, ku kai. Ku faɗi bankinsa da manhajar da yake tura kuɗi gida da ita. Hoton da za ku bayar ya zama na kwanan nan, fuska a fili, ba wanda aka gyara a sutudiyo ranar salla ba. Ku ambaci tabo, karaya, haƙorin Makka, tsagar fuska idan akwai.

Masu cewa yana Shumaisi, a cikin duk maganganun guruf tasu ce ta fi kusa da abin da ya saba faruwa, kuma ita ce mafi sauƙin tabbatarwa, don haka babu dalilin a bar ta a matsayin jita-jita. Shumaisi ita ce babbar cibiyar tarhil da ke kan hanyar Makka zuwa Jidda. Idan kafili ya riga ya buga masa hurub, to ko da lafiya ya fita, shinge ɗaya yana iya sa a kai shi can. Doka ta ba wanda aka kama damar sanar da wanda yake so, amma mutum nawa ne a cikinmu ya haddace lambar matarsa? Waya ta mutu ko an karɓe ta, shi ke nan. Wasu kuma da gangan suke ba da sunan ƙarya lokacin kamu, suna ganin dabara ce, sai dangi su zo da sunan gaskiya a duba a ce babu. Hanyar da ta fi ita ce ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku a Jidda, na Najeriya ko na Nijar. Ba a ɗora mutum a jirgi sai da takardar tafiya, su ne kuma suke bayar da ita ga wanda ba shi da fasfo a hannu, don haka jami'ansu suna shiga can, suna ganin fuskoki. Ku kai musu takarda a rubuce da hoto da lambar balagi, ku karɓi shaidar sun karɓa. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar jakadanci ta ba su ikon tambayar halin da ɗan ƙasarsu yake ciki idan yana tsare, tambayar da ke ba za a amsa miki ita ba.

Sai asibiti. Wanda mota ta buge da dare, babu takarda a aljihunsa, motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar za ta ɗauke shi, a rubuta shi a matsayin wanda ba a san ko wane ne ba. Yana iya yin makonni a sume. A duba manyan asibitocin gwamnati na Makka, irin su Annur da na Zahir da na Shisha, a tambayi marasa lafiyar da ba a gane ba tun daga daren da ya fita. Kuma, Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, a duba sallaja, wato ɗakin ajiye gawa. Namiji mai ƙarfin zuciya a cikin dangi ya je. Na san mutane suna ganin zuwa can kamar fata ne na mugun abu, amma rashin zuwa ba ya canja abin da Allah ya riga ya hukunta, illa ya tsawaita wahala. Abin da zai ɗan kwantar miki da hankali shi ne, duk wanda ya shigo ƙasar nan ta filin jirgi ko yake da igama, an ɗauki basmarsa, wato zanen yatsunsa, kuma da zanen yatsa ake fara gane mara lafiya ko mamaci. Tunda ƙanenki yana da kafili, yana cikin kwamfuta. Waɗanda abin ya fi yi wa wuya su ne 'yan'uwanmu da suka shigo ta ɓarauniyar hanya ko aka haifa a nan ba takarda. Mun gani a hajjin 2024, lokacin da hukuma ta sanar da mutuwar mutum 1,301 a cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin hajji, kuma rashin takardar shaida a jikin da yawansu ya jinkirta gane su, dangi suna ta yawo da hotuna daga asibiti zuwa asibiti.

Na zo kan guruf. Na san ba duka masu magana ne mugaye ba. Yawancinsu tausayi ne da tsoro, mutum ba ya iya zama da "ba a sani ba", sai ya cike gurbin da labari. Wani ya ce ruwa ba ya tsami banza, wata ta ce biri ya yi kama da mutum, kafin la'asar an yanke hukunci. Amma ki dubi abin da wannan yake yi wa neman ƙanenki. A ƙauye idan aka yi sata da dare, dattawa sukan hana kowa zagaya bayan gida har mai bin sawu ya iso, domin idan jama'a suka tattake wurin, ko da niyyar taimako, sawun ɓarawon ya tafi. Tunanin shaidu haka yake. Mai shagon da ya ga ƙanenki a daren, a kwana na farko zai ce ya gan shi ya wuce shi kaɗai wajen ƙarfe goma. Bayan ya saurari saƙon murya ashirin da ke cewa farar mota ce ta ɗauke shi, a mako na uku zai ce kamar dai ya ga farar mota. Ba ƙarya yake yi da gangan ba, abin da ya ji ne ya gauraye da abin da ya gani. Jami'i ya ɗauki wannan, ya ɓata kwanaki yana bin motar da babu ita. Ga kuma masu cewa an gan shi a Bab Sharif a Jidda, an gan shi a Madina, kowanne sai an bi, kowanne kuma idan aka bi diddigi sai a tarar wanda ya faɗa shi ma ji ya yi.

Idan kuwa da gaske akwai mai hannu a ciki, surutun gargaɗi ne a gare shi kyauta. Yana karanta abin da kuka sani da abin da ba ku sani ba, ya share saƙonni, ya jefar da layi, ya shirya amsarsa. Wanda kuma ya san wani abu na gaskiya, wanda ke zaune a unguwar ba igama, da ya ga maganar ta zama wuta a TikTok sai ya ja bakinsa ya yi gum, don kada a kira shi.

Game da saka hoton kafili, kada ki yi, kuma ki hana duk wanda zai yi da sunanku. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 1 da tarar riyal 500,000 ga wanda ya ɓata sunan wani ta waya ko intanet, kuma Niyaba ta sha gargaɗi cewa yaɗa jita-jitar da ta taɓa zaman lafiyar jama'a hukuncinta yana kaiwa shekara 5 da riyal miliyan 3. Baƙo kuma bayan ya gama zaman kaso, tarhil ne yake jiransa. Wanda ya tura saƙon gaba ma bai tsira ba. Ranar da kafilin ya kai ƙara, fayil biyu za su kasance a ofis ɗaya, kuma na ƙarar da aka kai ki ne zai fi sauri, domin hujjarsa tana nan a wayar kowa. Daga nan ke da ya kamata ki riƙa bibiyar neman ƙanenki kin koma mai kare kanki. Masu ba ki shawarar nan, da yawansu suna Kano ko Damagaram, babu abin da zai same su.

Wataƙila ma an riga an kira kafilin an yi masa tambayoyi an sallame shi. Idan mutane suka ga haka sai su ce an sayi hukuma. Ki sani 'yan sanda ba su da ikon riƙe mutum fiye da awa 24 sai sun miƙa shi ga Niyaba, ita kuma idan za ta tsare shi, kwana 5 take farawa da su, ana ƙarawa da dalili, kuma ba ta yin haka sai da hujja. Sallamar mutum ba ta nufin an wanke shi har abada, kiransa kuma ba ya nufin shi ne. Ni ban wanke shi ba, ban kuma tuhume shi ba. Abin da kuke da shi a kansa ku kai inda zai yi aiki.

Wadda ta fi ba ni tausayi a cikin labarin nan ita ce matar ƙanenki. Mijinta ya ɓata, ga yara biyu, ga kuɗin haya, ba ta da takardar da za ta fita da ita cikin natsuwa, sannan mata 'yan'uwanta suna nuna ta da baki. Ƙin zuwa wurin hukuma da ta yi, duk wanda ya zauna a ƙasar nan ba igama ya san dalilinsa. Ke ce babba, maganarki a guruf tana da nauyi. Ki fito ki ce mu danginsa ba mu zargi kowa ba, duk mai bayani ya kira wannan lamba, sauran magana a bar ta. Zato irin wannan yana bin mace har bayan an gano gaskiya, yana bin 'ya'yanta ranar da za a nemi aurensu.

Amma ita ce ta gan shi ƙarshe, bayaninta ya fi na kowa daraja, kuma ba zan yaudare ki ba: wanda ya tsaya gaban jami'i ana tambayarsa shaidarsa, mara ita kuma yana iya fuskantar dokar zama. Abin da nake ba da shawara shi ne ku zaunar da ita yau, cikin lallashi, ta faɗi komai na ranar tun daga asuba, wa ya kira shi, me ya saka, me ya ɗauka, yaya yanayinsa, a rubuta da Larabci, maigidanki ya kai. Ku sanar da ofishin jakadanci halin da take ciki, idan da hali ku ga lauya kafin a kira ta. Idan mai bincike ya neme ta da kanta, kada ku ce ba ta nan, kada ku ƙirƙiro labari. Ƙarya ɗaya daga bakin dangi tana juyo da idon bincike kanku, duk abin da kuka faɗa a baya ya zama abin shakka.

Cigiya kuwa halas ce, tana da amfani, in dai an tsaya a kan cigiya: hoto, sunan da aka san shi da shi, ranar da ya fita da unguwar, kayan jikinsa, lamba ɗaya ta namiji guda a cikin dangi. Kada a saka hoton igama, kada a ambaci bashi ko rikici ko sunan wani. Ku sanar da jami'in kafin ku saka. Ku kuma shirya wa 'yan damfara, domin suna bin irin wannan cigiya. Za a kira a ce yana hannunmu, ko a ce ni ma'aikaci ne a tarhil, a turo kaza in fitar da shi. Ku ce a ba shi waya ku ji muryarsa kai tsaye, ku tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani. Ko sun bayar ko sun ƙi, kada ku tura ko riyal ɗaya, ku kai lambar ga mai bincike. Haka masu duba da za su ce sun gan shi a ɗaure a wani gida gabas da ku. Banda haramcin abin, a nan laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, kuma na ga gidan da maganar mai duba ta raba har yau ba su shirya ba.

Idan Allah ya sa abin ya ja lokaci, lambar balagin nan za ta ƙara daraja. Fayil ɗin ɓata ba ya mutuwa don an daɗe. A 2020 aka gano wasu samari uku a yankin Dammam waɗanda aka sace suna jarirai daga asibiti tun shekarun 1990, bayan matar da ta raine su ta je nema wa biyu daga ciki takardun shaida, gwajin jini ya haɗa su da iyayen da suka kai rahoto fiye da shekara 20 a baya. Su jarirai ne, ƙanenki babba ne, amma abin da ya yi aiki ɗaya ne, an rubuta tun farko kuma akwai dangin da za a gwada da su. Idan mai bincike ya nemi samfurin jini ko yawu daga gare ki ko daga yaran, ku bayar. Idan kuka sauya gida ko lamba, ku je ku gyara a cikin fayil.

Ta fuskar aure ma haka ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, bisa hukuncin Sayyidina Umar, matar wanda ya ɓata tana jiran shekara 4 sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, kuma malamai sun ce lissafin yana farawa ne bayan ta kai maganar gaban hukuma, ba daga daren da ya fita ba. Idan babu abin ciyar da ita, tana da hanyar neman alƙali ya duba lamarinta kafin wannan lokaci. Kafin nan matarsa ce, dukiyarsa tasa ce, ba a raba ta, ba a yi masa zaman makoki. Albashin da yake bin kafili ma haƙƙinsa ne da na yaransa, ana nemansa ta ma'aikatar ƙwadago da taimakon ofishin jakadanci, a takarda dabam da ta ɓatan, kuma zai fi sauƙin fitowa idan ba ku riga kun zagi mutumin a bainar jama'a ba.